Zanen zambo daga bango zuwa gidan gwanjo: me ake saye da miliyoyin nan?

Ƙanena, tambayarka ta iso. Ka ce ka ga labarin wani zane na birai zaune a Majalisar Dokokin Birtaniya da aka sayar kusan fam miliyan 10, kana so ka san abin da ya ba shi wannan daraja, kuma ko zanen da aka yi don caccakar masu mulki da masu kuɗi yana da sauran ma'ana bayan masu kuɗin sun saye shi sun rataye a falo. Ka ƙara da cewa kana ganin irinsa a intanet, an buga a ƙyalle ana sayarwa da araha, ko akwai riba mutum ya saya ya ajiye.

Tun da kai ɗalibin zane ne, zan yi maka bayani yadda nake yi wa masu shirin shiga wannan sana'a. Kuɗin zane da ma'anarsa kowanne da mudun da ake auna shi. Wani lokaci sukan tashi tare, amma a irin wannan zane na zambo sau da yawa abin da ke ɗaga farashi shi ne ke dushe kaifin maganar.

Mu fara da zanen da ka gani. Na Banksy ne, mai zanen nan ɗan Ingila da ya taso a birnin Bristol, wanda ya yi suna da fesa fenti a bangon mutane da dare ta cikin kwalin da ya riga ya yanke siffa a jiki. Sunan zanen Devolved Parliament. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wannan zane bai taɓa zama a kan titi ba. Da fentin mai aka yi shi a kan ƙyalle, irin aikin da ake yi a ɗaki a tsanake, faɗinsa ya haura mita 4. An fara nuna shi a 2009 a gidan tarihin Bristol, a wani baje koli da mutane sama da 300,000 suka yi layi suka gani. Zauren majalisar ne sak, da korayen kujerunsa da teburin tsakiya, sai dai kowace kujera biri ne a kai. A watan Maris na 2019 aka sake rataye shi a Bristol, daidai lokacin da aka tsara Birtaniya za ta fice daga Tarayyar Turai amma 'yan majalisa suka kasa daidaitawa. Ranar 24 ga Satumba Kotun Ƙolin ƙasar ta ce dakatar da majalisa da Firayim Minista Boris Johnson ya yi ya saɓa wa doka. Ranar 3 ga Oktoba kuma aka kai zanen gwanjo a gidan Sotheby's na Landan. Masu kimantawa sun ce zai yi fam miliyan 1.5 zuwa 2. Aka yi ta tayi har kusan minti 13, ya tashi a fam 9,879,500.

Ka ga ke nan rabin amsarka tana cikin kalanda. Wanda ya mallaki zanen ya ajiye shi shekaru, ya fito da shi a lokacin da duk Birtaniya ke jin haushin majalisarta. Da a shekarar da ba a rikici aka kawo shi, ban yi tsammanin zai kai rabin haka ba. Shi kansa Banksy a daren ya rubuta a Instagram cewa abin takaici zanen ba a hannunsa yake ba, wato kuɗin aljihun wani suka shiga.

Amma kafin lokaci ya yi tasiri, sai an tabbatar wane ne ya yi aikin, kuma a nan ne kasuwar zanen titi ta bambanta da sauran. Aikin kwali da fentin feshi ba shi da wuyar kwaikwayo. Yaro mai hannu da wuƙar yanka takarda zai iya fitar maka da irin hoton ɓeran da Banksy ke yawan zanawa cikin awa guda, kuma ko gwani zai sha wuya kafin ya raba su da ido. Saboda jabu sun yi yawa, a 2008 Banksy ya kafa wani ofishi mai suna Pest Control, shi kaɗai ke da ikon cewa wannan aikinsa ne. Takardar shaidar da suka daɗe suna bayarwa tana ɗauke da rabin wata takardar fam 10 ta bogi mai hoton Gimbiya Diana, an yaga ta, rabi a manne a takardarka da lamba a jiki, ɗaya rabin yana ofishinsu. Manyan gidajen gwanjo ba sa karɓar aikinsa in babu wannan shaida. Ofishin kuma ba ya ba da ita ga zanen da aka ɓamɓaro daga bango, don a ganinsu na jama'a ne, ba don sayarwa aka yi shi ba.

In kana so ka ga nauyin suna da takarda ƙuru-ƙuru, dubi abin da ya faru a Niyok a watan Oktoba na 2013. Banksy ya sa wani dattijo ya kafa tebur a bakin lambun Central Park, inda masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido tarkace ke zama. Aka jera ƙyallaye na gaskiya, da sa hannunsa, kowanne dala 60. Ba a sanar da kowa ba. Dattijon ya wuni yana hamma, mutane na wucewa ba sa ko waiwaye. Sai bayan awanni wata mata ta tsaya, ita ma sai da ta taya rabin kuɗi kafin ta ɗauki biyu don 'ya'yanta. Wata daga Niyuzilan ta sayi biyu, wani mutumin Chicago ya ɗauki huɗu don ya ƙawata sabon gidansa. Cinikin ranar gaba ɗaya dala 420. Da shekara ta zagayo, biyun da matar Niyuzilan ta saya aka kai su gidan gwanjo na Bonhams, suka tashi a wajen fam 125,000. Fentin nan dai shi ne, ƙyallen shi ne, hoton bai canja ko ɗigo ba. Abin da ya ƙaru kawai an san na wane ne.

Bayan suna sai labari, kuma a wannan kasuwa labari ya fi fenti tsada. Ranar 5 ga Oktoba 2018, a Sotheby's ɗin dai, aka kawo zanen yarinyar nan da ke miƙa hannu ga jan balan-balan mai siffar zuciya. Hoton ya fara fitowa ne a bango a Landan a 2002, wannan na ƙyallen kuma an yi shi a 2006. Guduma na sauka a fam 860,000, wanda da la'ada ya kama fam 1,042,000, sai aka ji ƙara daga cikin firam ɗin. Ƙyallen ya fara zamewa ƙasa yana fitowa a tsattsage kamar taliya, ashe an ɓoye injin yanka takarda a ciki tun shekaru. Injin ya tsaya a rabi. Banksy ya ce nufinsa a tsarge shi duka, injin ne ya cije. Matar da ta saya, wata Baturiya da ba a bayyana sunanta ba, ta ce tana son abinta a haka. Pest Control suka ba shi sabuwar takarda da sabon suna, Love is in the Bin. Aka nuna shi a gidajen tarihi a Jamus, sannan ranar 14 ga Oktoba 2021 ya koma ɗakin da aka yaga shi, ya tashi a fam 18,582,000. Cikin shekara 3 kuɗinsa ya ninka kusan sau 18.

Wannan lamari na daɗe ina juya shi a raina. An shirya shi ne don a kunyata gidan gwanjo a gaban baƙinsa, a nuna musu cewa abin da suke rububi a kai zai iya zama tsumma cikin daƙiƙa kaɗan. Gidan gwanjon ya karɓi marin, ya ce ai wannan ne karo na farko da aka ƙirƙiri aikin fasaha ana tsakiyar gwanjo, ya kuma ci la'ada sau biyu a kan abu ɗaya. Ko Banksy ya hango haka ko bai hango ba, sakamakon ɗaya ne, kasuwar ta nuna tana iya haɗiye zagin da aka yi mata ta mayar da shi haja.

Akwai kuma lissafin da ya kamata mai shirin zama mai zane ya sani. Farashin da jaridu ke bugawa ya haɗa da la'adar da mai saye ke biyan gidan gwanjo a kan abin da guduma ta sauka. A cinikin 2021 guduma ta sauka a fam miliyan 16, sauran miliyan 2 da rabi da 'yan kai la'ada ce. Shi kuma wanda ya yi zanen, dokar Birtaniya ta ba shi wani ɗan kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa ta hannun dillalai, amma an yi wa kason iyaka, a lokacin bai wuce yuro 12,500 ba komai tsadar aikin. Saboda haka in ka ji an ce zanen wane ya yi miliyan kaza, ka fara tambaya a hannun wa yake kafin ka ce mai zanen ya yi arziki.

Sai ƙarancin kaya. Yawancin masu cewa sun mallaki Banksy bugun takarda suke da shi, wanda aka buga adadi ƙayyadadde aka sa wa kowanne lamba. Hoton yarinya da balan-balan, alal misali, an buga shi a 2004, guda 150 masu sa hannu, 600 marasa sa hannu, aka sayar da su a kan kuɗin da ma'aikaci zai iya cirewa daga albashinsa. Su ne suka yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021, lokacin da kuɗin ruwa ya yi ƙasa a Turai da Amurka, mutane na kulle a gida suna neman inda za su zuba kuɗi. Da bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa daga 2022, farashinsu ya zube sosai, waɗanda suka saya a ƙololuwa da yawa ba su mayar da uwar kuɗinsu ba. Wannan ɓangaren ba a cika ba shi babban kanu a jarida ba.

Yanzu ga rabin tambayarka da ya fi damuna, batun ma'ana.

Zanen zambo na titi yana samun ƙarfinsa daga inda aka yi shi, da ranar da aka yi shi, da kuma kasadar da mai yin ya ɗauka. A watan Mayu na 2012, ana shirin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 a kan mulki, aka wayi gari da wani zane a unguwar Wood Green da ke arewacin Landan. Yaro ne ƙarami a durƙushe a gaban keken ɗinki, kansa a sunkuye, yana ɗinka jerin ƙananan tutocin Birtaniya, kuma tutocin na gaske ne na roba aka liƙa suna fitowa daga bakin keken. A jikin bangon wani kantin kayan araha aka yi shi. Duk wanda ya fito daga kantin da ledar tutoci a hannu sai ya haɗa ido da yaron, ya tambayi kansa wa ya ɗinka abin da ya saya da wannan araha. Bangon, kantin, makon bikin, da mai wucewa, duk suna cikin aikin. A Fabrairun 2013 aka yanke wannan yanki na bangon aka fitar da shi, sai ga shi a jerin kayan gwanjo a Miami. Mutanen unguwar suka yi zanga-zanga, aka janye shi, amma a watan Yuni aka sayar da shi a Landan sama da fam 750,000. Wanda ya saya ya samu siminti da fenti da hoton yaro mai ban tausayi. Tambayar da hoton ke yi wa mai fitowa daga kanti kuwa ta tsaya a Wood Green, ba ta bi shi ba.

Shi ya sa nake auna zanen zambo da tambaya guda, wa ya ji zafinsa? A Faransa, Honoré Daumier ya zana Sarki Louis-Philippe a 1831 a matsayin ƙaton da ke haɗiye dukiyar talakawa, aka ɗaure shi wata 6 a kurkuku. A watan Satumba na 2025 Banksy ya fesa hoton alƙali da hular gashinsa yana dukan mai zanga-zanga da guduma, a jikin ginin babbar kotun Landan, kwanaki kaɗan bayan an kama ɗaruruwan mutane a zanga-zangar da ta shafi Falasɗinu. Nan da nan aka rufe shi da shinge aka sa masu gadi, kafin mako ya fita aka kankare shi. Wannan zane ba a sayar da shi ko fam ɗaya ba, amma ya taɓa wanda aka nufa, shaidar kuwa ita ce saurin da aka yi wajen goge shi.

In ka ɗora zanen birai a kan wannan ma'auni, a ganina bai yi nauyi ba. Aiki ne mai girma, an kashe masa lokaci, yana kuma ba da dariya. Amma zagin da ya haɗa kowa da kowa ba ya kama kowa. Ɗan majalisar jam'iyya mai mulki zai kalle shi ya ga 'yan adawa, ɗan adawa ya ga gwamnati, attajirin da ya saya ya ga 'yan siyasa gaba ɗaya ban da shi. Ba wanda ya kwana da ciwon kai saboda shi. Wannan laushin nasa ma yana cikin abin da ya sa ya yi tsada, don mai zuba miliyoyi yana son abin da zai nuna shi wayayye ne mai jure raha, ba tare da ya ɓata masa da abokan hulɗa ba. Kamar attajirin da mawaƙi ya yi wa masu hannu da shuni zambo a gabansa, ya tashi ya yi masa liƙi, don liƙin ya nuna wa taro cewa ba da shi ake ba.

Kada ka ɗauka ina cewa ƙyalle kabarin zambo ne a kowane hali. Akwai ayyukan da don ɗaki aka yi su, kuma ɗakin ne ke ba su haƙora. A 2005 Banksy ya yi wani baje koli a Landan inda ya saki ɓeraye masu rai a cikin shagon, ya rataye zane-zanen da ya kwaikwayi manyan magabata ya lalata musu kyau da gangan. Ɗaya daga ciki tafkin furanni ne da gadar nan ta lambun Claude Monet, shahararren mai zane ɗan Faransa, an yi shi da kyau ƙwarai, sai dai a cikin ruwan an jefar da kekunan sayayya na babban kanti guda biyu da mazugin robar da ake tare hanya da shi. Wannan a bango ba zai yi aiki ba. Yana bukatar firam da fitilar gidan tarihi, yana bukatar mai kallo da ya saba ganin Monet a kalandar ofis, don maganarsa a kan yadda cin kasuwa ya cika duniya da shara har ya shiga lambun da Turawa ke ɗauka aljannar ido. An sayar da shi fam miliyan 7.5 a 2020, kuma ban ga tsadar ta rage masa komai ba. Akwai kuma bugun da ya yi na hoton zauren gwanjo cike da masu tayi, a cikin firam ɗin da suke rububi a kai an rubuta cewa abin mamaki ne wawaye irinku na sayen wannan shirme. Sun saya kuwa, suna kan saye. A nan kowane sabon ciniki ƙara tabbatar da maganar yake yi.

Hanya ta uku ita ce mai zanen ya karɓi kuɗin kasuwa ya juya akalarsu. A Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, ya ba babban asibitin Southampton zanen wani yaro da ya jefar da 'yan tsanansa na jaruman fim a kwandon shara yana wasa da 'yar tsanar ma'aikaciyar jinya. A Maris 2021 aka sayar da shi a gidan gwanjo na Christie's fam miliyan 16.7, kuɗin suka tafi ga ayyukan lafiya. Kafin nan, a Yulin 2020, an sayar da wasu zane 3 na gaɓar teku, irin na ado da ake rataye wa a otal, amma ya ƙara musu rigunan ceto na 'yan ci-rani warwatse a bakin ruwa. Fam miliyan 2.2 da aka samu an ba wani asibiti a Baitalami. Mu da muka san abin da hanyar Agadas zuwa Libiya ta ci na 'ya'yan mutane, waɗannan rigunan ba sai an yi mana fassararsu ba. Wasu kuma sun ƙi cinikin ɗungurungum. Blu, wani mai zanen bango ɗan Italiya, da ya ga an ɓamɓare ayyukan titi za a nuna su a wani baje koli a Bologna a Maris 2016, sai ya bi duk zanen da ya yi a birnin cikin kusan shekara 20 ya shafe su da fenti ruwan toka. Ina girmama wannan mataki, ko da yake mutanen unguwannin da suka rasa zanen su ma sun yi asara.

Sauran tambayarka ta ƙarshe. Waɗanda kake gani a intanet an buga a ƙyalle, hoto ne aka sauke aka tura wa injin bugu, ana iya fitar da dubu a yini. Ba su da lamba, ba sa hannu, ba takardar Pest Control, kuma mai zanen bai san da su ba. Darajarsu kuɗin tawada da katako ne, ranar da ka saya ranar suka fara faɗuwa. In hoton ya burge ka, saya ka rataye don ka riƙa kallo, babu laifi, amma kada ka sa shi a lissafin jari. In kuma wani ya zo maka da wanda ya ce na asali ne a farashi mai sauƙi, da labarin cewa wani abokin mai zanen ne ya ba shi, ka ce masa albarka. Na gaskiya yana zuwa da takarda, da jerin hannayen da ya bi tun daga ranar da ya fita, kuma ana iya tuntuɓar ofishin a tabbatar kafin a biya.

Kai da ke koyon aikin, ka fara tsare naka tun yanzu. Duk ƙyallen da ka gama ka sa hannu da shekara a bayansa, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka rubuta girmansa da irin fentin a littafi guda da ba ka yarwa. In ka sayar, ka rubuta rasit biyu, ɗaya naka ɗaya na mai saye. In bugu za ka yi, ka yanke adadi tun farko, ka rubuta a jikin kowanne, misali 7 cikin 30, kuma ko an roƙe ka kada ka ƙara na 31. In zambo za ka zana a bango, ka nemi izinin mai bangon, ka kuma ɗauki hoton aikin tare da titin da mutanen da ke wucewa, da kwanan wata, domin ranar da aka shafe shi wannan hoton ne kaɗai zai nuna da wa kake.